Malama Furera, Wadda Ta Ga Inna Ba Ta Tashi Sallah Ba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, in kina tsaye a bakin famfon garinmu, za ki ga Malama Furera Iliyasu ta ɓullo ta tsakanin gonakin gero, hijabi ruwan toka a kan farar rigar aiki, jaka a hammata, tana sauri kamar wadda aka aika. Ba ta hawa babur sai in ruwa ya cinye hanya. Ta ce a ƙafa take jin wadda ta kwana da zazzaɓi da wadda naƙuda ta fara taɓawa. Kafin ta isa ƙaramin asibitinmu mai ɗaki uku da baranda, ta gaisa da gida ashirin. Sai ta buɗe taga, ta share ɗakinta da kanta ko mai shara ta zo, ta tafasa kayan aikinta, ta sauya zanen gado, ta bi labule da hannu ta ga ko akwai yagewar da ido zai iya leƙowa. Sannan ta zauna ta ce a shigo.

Shekara talatin da biyar ke nan tana aikin lafiya, goma sha tara a wannan ƙauyen namu da ke tsakanin Makoda da Ɗanbatta, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ji ana shirin walima da lemo da jawabai. Ni malamar firamare ce, a gaban manya bakina mutuwa yake yi, shi ya sa na ɗauki biro. Ba haihuwar da ta karɓa zan lissafa ba, ko da yake rabin 'yan ajina ita ta yanke musu cibiya. Abin da ta yi wa mahaifiyata zan faɗa.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi sunan ɗiyar yayana Basiru. Gida ya cika da mata, aka kira la'asar, kowa ta nemi buta. Inna ba ta motsa daga kan tabarma ba. Wata ƙawarta ta ce ta tashi mana, Inna ta ce a hankali ai tana fashin sallah. Nan fa tsakar gida ta kece da dariya. Masu cewa Inna ta koma budurwa na faɗi, masu cewa a nemo mata miji na faɗi. Ni ma na yi dariyar, har da tafa hannu, kuma wallahi har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. A lokacin shekarar Inna hamsin da bakwai, al'ada ta ɗauke mata tun shekara bakwai baya, Babanmu kuma ya rasu shekara tara.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Malama Furera ta idar da sallarta, ta ci abincin suna, ta yi barka, ta tafi. Washegari da hantsi sai ga ta a gidanmu.

Inna ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, a bakin murhu Malama ta same ta, ni ina gefe ina tayawa. Bayan gaisuwa ta tambayi Inna ko na fita, Inna ta ce na zauna. Ta tambaye ta tun yaushe jinin yake zuwa. Ashe wata uku ke nan, ɗigo-ɗigo, ya zo kwana biyu ya ɗauke, ya dawo, Inna kuwa duk ranar da ta gani sai ta ajiye sallah. Ina kwana gida ɗaya da matar nan ban sani ba. Malama ta ce mata jinin da ya dawo bayan shekaru da ɗaukewa ba abin zama a gida ba ne, wataƙila ƙaramin abu ne, wataƙila babba, kuma babu mai iya sani sai an duba.

Inna ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba inda yake mata ciwo. Da Malama ta matsa, sai gaskiyar ta fito. A garinmu a lokacin, mace ba ta zuwa ɗakin Malama sai da ciki. Bencin da ke barandar nan sunansa ma bencin awo, kuma yana kallon hanyar kasuwa, duk wanda ya wuce sai ya ƙirga waɗanda ke kai.

Inna ta ce, "Furera, mijina shekara tara a kabari. Ki ce na je na zauna a bencin masu ciki, gari ya gan ni? Me za a ce wa 'ya'yana? Gara jinin ya kashe ni."

Da wata ma'aikaciyar ce, da ta ce ai ta faɗa, ta sauke nauyi. Malama Furera sau shida tana dawowa gidanmu cikin mako uku. Ta zauna ta murza ƙuli da mu, ta sha baƙar magana, don Inna ba kanwar lasa ba ce, har tambayarta ta yi ko marasa lafiya sun ƙare ne a asibitin. Malama ta yi murmushi ta ce saura ke. A zuwa na huɗu ta ciro wani ɗan ƙarfe daga jaka, mai kama da bakin agwagwa, ta ɗora wa Inna a tafin hannu ta ce ta juya shi ta gani, wannan shi ne duk abin da mata ke tsoro.

Sannan ta zayyana mana yadda dubawar take, daki-daki, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce da farko hira ce kawai, ƙofa a rufe: haihuwa nawa, ɓari nawa, yaya al'ada take ko yaushe ta ɗauke, akwai ƙaiƙayi, akwai ruwa mai wari, akwai ciwon mara. Sai a auna hawan jini, a hau sikeli, a duba ido a ga ko jini ya yi ƙasa. Sai ta laluba mama da hammata ko akwai ƙullutu, ta koya wa mace yadda za ta riƙa lalubawa da kanta a gida. Daga nan mace ta je ta yi fitsari, ta dawo ta kwanta, a rufa mata zane daga ciki zuwa gwiwa. Malama ta sa safar hannu, ta danna mara, ta sa ɗan ƙarfen nan a hankali ta haska bakin mahaifa da fitila. Ta ce akwai sanyi, akwai 'yar takura, amma bai kamata a ji zafi ba, kuma duk inda mace ta ce a tsaya, za a tsaya. Ga matan da ba su manyanta ba, lokaci-lokaci takan shafa wa wurin ruwan khal, wani ruwa mai tsami, da auduga ta jira minti ɗaya, in akwai inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Ta ce duka-duka bai kai dahuwar shinkafa ba, kuma abin da ta gani a ɗakin, a ɗakin yake mutuwa.

Inna ta saurara tsaf, ta mayar mata da ƙarfenta, ta ce to ta ji, amma sai dai ta je a ɓoye ta bayan gini lokacin da ba kowa. Malama ta ƙi. Ta ce a garin nan babu lokacin da ba kowa, kuma wadda aka gani tana saɗaɗawa ta bayan asibiti ita ce za a fi yi da ita. Na ji haushinta ranar, na ce a raina matar nan ta samu dama ta watsar. Ashe ita ta riga ta yi nisa a wani shirin.

Wurin Malama Rahmatu ta je, dattijuwar da ke koyar da matan aure a Islamiyya, wadda ko mai gari ba ya ɗaga mata murya. Ba ta ambaci sunan kowa ba, tambaya kawai ta yi a kan jinin da mace ke gani bayan ta haura hamsin. A karatun ranar Asabar Malama Rahmatu ta ɗauko maganar da kanta. Ta ce wa mata irin wannan jinin, malamai cewa suka yi a tambayi mata masu sani kafin a yanke cewa haila ce, kuma mai sanin tana nan a asibiti da fitilarta. Ta ce ita ranar Laraba za ta je a duba ta, duk wadda ta daina haihuwa ta biyo ta, wadda ke da bakin magana kuma ta fara da ita.

Laraba ba ranar awo ba ce. Waɗanda suka wuce ta hanyar kasuwa ranar sun ga abin da ba su taɓa gani ba: tsofaffi goma sha ɗaya jere a bencin masu ciki, wasu da carbi, wasu da goro a baki, ƙaramarsu ta aurar da 'ya'ya uku. Wani mai kura ya tsaya ya ce Allah ya raba lafiya, Malama Rahmatu ta ce amin, ya turo uwarsa ma. Wajen ƙarfe goma Inna ta yafa mayafi ta ce mini za ta je rakiya. Ita ce ta sha biyu a benci.

Da ta fito daga ɗakin, Malama Furera ta kira ni ciki da izinin Inna. Ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce jinin daga cikin mahaifa yake fitowa, inda fitilarta ba ta kaiwa, wannan ya fi ƙarfin ɗakinta. Ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Kano, kuma ranar hutunta ta shiga mota tare da mu, don ta san in aka bar Inna da layin birni za ta ce a juyo. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama ƙanƙani aka kai gwaji. Makonnin da muka yi muna jira ba na so na sake ganin irinsu. Sakamako ya fito, sankarar mahaifa ce, amma tana farkonta, ba ta fita ko'ina ba. Aka yi aiki aka cire mahaifar. Likitar da ta yi aikin ta tambayi wa ya turo mu da wuri haka, don yawancin masu irin wannan daga ƙauye sai ciwo ya ci jiki suke isowa. Na nuna mata Malama Furera, tana zaune a bakin gado tana fifita wa Inna kunu.

Malama, ke nake wa magana yanzu. Ke ce kika ji abin da mata hamsin suka ji, su suka yi dariya, ke kika kwana da shi a rai. Ke ce kika sha zagi a bakin murhunmu kika dawo washegari da sallama. Ke ce kika riƙe sirrin uwata har kika tara mata gari guda ba tare da kin furta sunanta ba. Furera ta Iliyasu, mai naci, wadda ba a kora da baƙar magana. Na san ba kya son yabo, za ki ce aikinki ne. Mun ga masu irin aikin da yawa, ba haka suke yi ba.

Tun daga ranar, Laraba ta zama ranar duba mata a asibitinmu, mai ciki da marar ciki, mai miji da marar miji, sau ɗaya a shekara ko ba inda ke ciwo. Da yake matanmu ba da kalanda suke aiki ba, kowacce Malama ta ɗaura mata lokacinta da abin da ba za ta manta ba, wannan bayan ƙaramar sallah, waccan da an gama cirar gyaɗa. Wadda ta tsallake kuwa ta shirya ganin hijabi ruwan toka a ƙofar ɗakinta. Ba duka aka ci nasara ba, kada na yi ƙarya. Akwai mata biyu da suka zo a makare, mun yi jana'izarsu, kuma Malama ba ta iya ambaton sunansu ba tare da muryarta ta sauya ba. Amma an gano masu hawan jini da ba su sani ba, an yi maganin ciwon sanyi da mata suka yi shekaru suna ɓoyewa, an tura masu ƙullutu Kano tun yana ƙarami.

Yanzu ga shi za ta tafi, ni kuma tsorona ɗaya ne, kada bencin nan ya koma na masu ciki kaɗai. Don haka ina roƙon wadda za a turo ta gaje ta, 'yar'uwa, kada ki zauna a ɗaki kina jiran a zo, ki shiga gidaje, ki buɗe kunne a wurin suna da biki. Maza, in matarku ko uwarku ta ce za ta je a duba ta, ku ce Allah ya kiyaye hanya, kada ku tsaya tambayar me ke damunta. Mu mata kuma mun daina jiran ciwo ya kayar da mu. Mu malaman makarantarmu huɗu mun yi alkawari, kowace shekara tare za mu je, kuma kowacce za ta riƙo hannun wata.

Malama Furera, mun gode. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ba ki lafiyar da kika tsaya wa wasu a kanta, ya sa hutun nan ya zama hutu na gaske.

Wata za ta ce wace irin 'ya ce wannan da ta baza sirrin uwarta a takarda. Da na zauna rubutun nan, niyyata na ce wata mata ce a wani gari. Na je na karanta wa Inna haka, tana kwashe ƙuli daga mai. Ta ajiye matsami ta dube ni.

Ta ce, "Wace ce wata mata? Ɓoyon nan ne ya kusa kai ni kabari. Ki rubuta Tahira ce, uwar Basiru, mai ƙuli ta bayan masallaci. Ki ce na zauna a bencin, na hau gadon, ga ni nan da raina. Duk wadda ke jin kunya ta zo na raka ta."