Gwajin Ci a Bayan Rudun Albasa

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, cikin hutun damina na shekarar da nake aji biyar a sakandare. Mama Rifkatu ta ce in ba ku labarinta, ku da za ku fara aikin tafinta bana. Ta san ba zan iya tsayawa gabanku in yi magana ba, shi ya sa ta ce in rubuta, ita za ta karanta muku.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙungiyarmu ta Kiristoci ce mai kula da mata da ƙananan yara, ofishinta ɗaki biyu a Jega. Mama Rifkatu ce shugaba, mutumiyar Zuru, nas ce da ta yi ritaya, kuma maƙwabciyarmu tun kafin a haife ni. A ƙarƙashinta akwai 'yan sa kai da coci-cocin ƙasashen waje ke turowa, kowa ya yi wata shida ya koma. Sai direba, Baba Ɗantani, sai mu masu fassara a can ƙasa. Da Mama ta zo neman izini wajen mahaifina, sharaɗi biyu ya ba ta: in yi sallah a kan lokaci, in dawo gida kafin magariba. Ba a taɓa saɓa ko ɗaya ba. Da safe idan sun riƙe hannun juna suna addu'arsu, ni da Baba Ɗantani mukan loda kwalaye a mota. Da azahar su kuma su jira mu a inuwa.

Wadda aka haɗa ni da ita Sista Marta ce, wata dattijuwar nas daga Turai, doguwa, mai soke biro a cikin furfurarta. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "madalla" da "kawo yaro" ba. A cikin murfin littafinta akwai hoton jikokinta biyu, kuma duk sanda ta buɗe shi sai ta shafa fuskokinsu da yatsa. Nakan kau da kai, don kunya take ba ni.

Tsarin aikin bai da wuya. A rubuta sunan yaro da na mai kula da shi a kati. A ɗora shi a ma'auni. A zagaya masa wani siririn zare mai launi uku a dantse: kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa tamowa ta yi nisa. Duk yaron da ya faɗa ja sai an yi masa gwajin ci. Ana ba uwar ƙunshin maɗin gyaɗa mai magani, ta ba shi a gaban ma'aikaci. Idan ya ci, kuma Sista ta gamsu akwai mai kula da shi, sai a ba su na mako guda su koma gida. Idan bai ci ba, mota ta tafi da shi Jega a ba shi gado.

Mu masu fassara ƙa'idarmu ɗaya ce: abin da aka faɗa shi za ka juya, ba ragi ba ƙari. Mako guda kafin wannan rana Mama ta yi mini faɗa a kanta, don na sassauta wata magana da Sista ta gaya wa wani magidanci. Ta ce, "Kulu, ke baki ce kawai. Baki ba ya gyara zancen mai shi." Na kwana biyu ina jin nauyin maganar.

Ranar Talatar aka raba mu biyu. Mama ta yi wajen Maiyama da rabin mutane, mu kuma muka nufi wani ƙauye gaba da Danwarai. An yi ruwa da asuba, gero ya kai kafaɗa amma bai nuna ba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa ke nan. Muka kafa tebur a gindin wata tsamiya, kusa da rudu, wato rumfar da ake ajiye albasa, an kewaye ta da zana. Duk wurin warin albasa yake yi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya layi ya zo kan wata mata da ba ta fi shekara ashirin ba, siririya, da tsagen Fulani a gefen bakinta. Ta sauke yaro daga bayanta, ta dire shi a kan tabarma kamar ta dire tulu, ta juya fuska wajen gona.

Na ce, "Sunanki?"

"Dije."

"Sunan yaro?"

Ta ci gaba da kallon gona. Na sake tambaya. Sai wata dattijuwa a layi ta ce, "Buba na sunanai. Ke ɗiyar birni, wa ar rene ki? Ki tambayi mace sunan ɗanta na fari gaban dangin mijinta?" Mata suka yi dariya, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bakin dattijuwar na ji sauran. Kakar yaron ce ke riƙonsa, ita ya kamata ta kawo shi, amma ta zame a bakin rijiya, an kai ta Aliero wajen masu ɗori.

Sista ta ce in tambayi Dije ko ita ce mahaifiyarsa. Dije ta ce, tana kallon gona, "Ɗan mutanen gida na." Na juya maganar daidai yadda ta faɗa. Sista ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau.

Zare ya nuna ja. Hannun Buba bai fi kaurin karan dawa ba, gashinsa ya yi ja-ja, ya kwanta. Sista ta yaga bakin ƙunshin maɗi ta miƙa wa Dije. Dije ta karɓa, ta miƙa shi wajen da yaron yake ba tare da ta waiwaya ba, har ya shafi kunnensa. Yaron ya ture. Sista ta gwada da kanta, ya ga farar fuska ya fasa kuka. Na gwada, ya ƙanƙame baki. Dije tana zaune kamar ba da ita ake ba.

Sista ta zare biro daga gashinta. Ta ce mini da Turanci, a hankali, "Bai ci ba. Kuma wannan matar ko kallonsa ba ta yi. In na ba ta abincin nan, ban san bakin da zai shiga ba. Gaya mata za mu tafi da shi Jega, kuma zan roƙi mai gari ya ba mu wata da za ta zauna da shi."

Na san abin da ke faruwa tun daga maganar dattijuwar nan, kowace mace a layin nan ta sani. Amma ni baki ce kawai. Na juya maganar. Da Dije ta ji kalmar Jega, sai na ga ta kwance bakin zanenta ta sake ɗaure shi tamau, ta jawo majanyi kusa da cinyarta. Na taɓa ganin haka sau biyu a wasu ƙauyuka. Macen da ta yi wannan ɗaurin, za ta ce bari ta zaga, ta saɓi ɗanta, ba za a ƙara ganinta a layi ba. Yaron da ke ja kuwa, idan ya koma gida hannu wofi a irin wannan wata, kowa ya san inda abin yakan ƙare.

Da yake ni mai yawan sunkuyar da kai ce, ƙasa na fi gani. Tun zamansu babban yatsan ƙafar Dije yana kan tafin ƙafar yaron, a ƙarƙashin gefen zane, yana shafawa a hankali. Duk ƙudan da ya sauka a fuskarsa, sai gefen mayafinta ya motsa kamar iska ce. Da ya yi kuka kuma, gaban rigarta ya jiƙe da nono.

Biro ya kusa taɓa kati. Akwai wani gurbi a katin inda ake nuna ko yaro yana da mai kula da shi, nan Sista ta nufa. Na ce, "Sista." Ba ta ji ba. Na kama hannun rigarta, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Wannan ba fassara ba ce, maganata ce. Ɗanta ne na fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi ko ta ba shi abinci a gaban mutane, balle gaban dangin miji. Kunya ce. Dubi ƙafarta."

Ta duba. Dije ta janye ƙafar da sauri.

Sista ta ce, "Ko yana cikin wannan hali?"

Na ce, "Ni ma 'yar fari ce. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba."

"To me take ce miki?"

"Ke. Ko waccan."

Ta daɗe tana kallona, har na ji ina ma ban yi magana ba. Baba Ɗantani yana jingine da mota, ya tambaye ni me ake ciki. Da na gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "Hwaɗa mata ni da furfurata, tsohuwata har ta koma ga Allah 'mai mota' taka ce min. Kahin in samu mota kuwa, 'wancan malalacin'." Na juya wannan ma. Sista ba ta yi dariya ba, amma ta mayar da biro cikin gashinta.

Ta ce ƙa'ida ba ta yarda a yi gwaji ba tare da ma'aikaci ya gani ba. Na ce zanar rudun nan akwai ɓula a jikinta. Baba Ɗantani ya fahimci sauran ba sai an gaya masa ba. Ya buɗe bayan mota ya ɗaga murya: "Ku taho ku amshi sabulu, wadda duk tay yi nawa ta wanke ɗanta da toka." Sabulun nan kuwa a ƙa'ida sai an tashi ake rabawa. Layi ya watse ya koma wajen mota, har da dattijuwar nan a gaba.

Na raɗa wa Dije cewa akwai buta da tabarma a bayan rudu, kuma ba mai zuwa. Ta ɗauki yaron da hannu ɗaya ta wuce.

Muka tsuguna ta wannan gefen zana, ni da Sista, albasa tana sa mu hawaye. Dije ta waiga hagu da dama. Ta wanke hannu har sau biyu. Sannan ta ɗora shi a cinya, ta haɗa goshinta da nasa, ta hura masa iska a wuya har ya daina shessheƙa. Ta lakato maɗin da ɗan yatsa, ta fara taɓawa a harshenta, ta yi kamar daɗi zai kashe ta. Ya buɗe baki. Tana ba shi tana yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, tana kiran sa da wani suna da ba Buba ba. Na ji sunan, amma ba zan rubuta shi ba, nata ne. Ya ci fiye da rabin ƙunshin, ya kama yatsanta yana tsotsa.

Sista ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa da gefen riga. Ta ce, "Saura kaɗan in rubuta ƙarya da hannuna." Ta miƙe za ta zagaya, na san rungume ta za ta yi. Na sake kama rigarta. Na ce, "Kada ki yaba mata. In ta san mun gani, ba za ta dawo ba."

Da Dije ta fito, ta dire shi a tabarma kamar dā, ta juya fuska wajen gona. Sista ta cike kati, ta ƙirga musu abincin mako, ta dubi yaron shi kaɗai ta ce, "Madalla, Buba."

A mota ina ta tunanin faɗan da ke jirana. Sista da kanta ta ba Mama Rifkatu labari. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kulu, ƙa'ida tana nan yadda take. Amma ranar da kika ga za a yi ɓarna, ki yi yadda kika yi yau, ki ce wannan maganarki ce, don a san ta wa ake ji." Washegari ta aiki Baba Ɗantani kasuwa ya sayo zana. Ita ce wadda kuke gani a ɗaure a saman mota. Duk inda muka sauka ita ake fara kafawa, kafin tebur, don uwa mai kunya ta samu inda za ta raɓe da ɗanta.

Dije ba ta fasa ko Talata ɗaya ba. Kafin a yanke gero zaren Buba ya koma rawaya, ranar da ya shiga kore kuwa kakarsa ce ta kawo shi tana ɗingishi da sanda, tana ta kiran sunansa kamar ta biya wa kowa bashin shirun da aka yi. Sista Marta ta koma ƙasarsu da sanyi. Ta bar mini biron nan, da shi nake rubuta wannan. Har yau idan na bi ta kasuwa na ji warin albasa, gindin tsamiyar nan nake tunawa, da mu biyu a tsugune muna leƙe ta ɓular zana.

A waccan Talatar ta farko na isa gida ana shirin kiran magariba. Mahaifiyata tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan tuwonta na cikin kwano." Na buɗe, na tarar da ƙanzo a kai, an zuba masa man shanu. Mu bakwai ne a gidan, kuma kowa yana son ƙanzo. Sai a ranar na lura kullum a kwanona yake.

Mutanen da za ku yi aiki da su sun baro ƙasarsu da 'ya'yansu don su taimaka, kuma sun fi mu sanin magani nesa ba kusa ba. Abin da ba su zo da shi ba shi ne sanin inda matanmu ke ɓoye ƙaunarsu. Ku juya magana yadda aka faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Amma kuna yi kuna duban ƙafafu da gefen mayafi, don a wannan aiki abin da uwa ba ta faɗa ba shi ma yana bukatar tafinta.