Wayar da ta yanki Tasnim

Idi wanzami shekararsa talatin yana zama bakin kasuwar unguwar Hajj Yusuf a Khartoum, da zabirarsa da ƙahonninsa. A gonakin auduga na Jazira ya tashi, can ya koyi sana'ar a hannun kawunsa, ya kuma taho da ita birni haɗe da taurin kai. A wurinsa ciwo ɗaya ne a duniya: mugun jini. Ko haƙori ka ce masa yana damunka, sai ya fara laluben ƙeyarka.

Jikarsa Tasnim, 'yar shekara shida, da kumburarriyar ƙafar hagu aka haife ta. Takalminta ma sai an sayi ƙafa biyu daban-daban. Uwarta Hajaratu, wadda ita ce 'yar Idi ta fari, ta sha cewa a kai ta asibiti, shi kuwa yana jin abin a matsayin raini. Yaya za a ce gidan wanzami an rasa mai sace kumburi? Ranar da Hajaratu ta haye kogi zuwa Omdurman sarin barkono, ya zaunar da yarinyar, ya ba ta dabino, ya yi mata tsaga uku-uku a sha-raɓa, ya kafa ƙaho. Da ya cire, maimakon baƙin jinin da ya saba gani, wani ruwa ne fatsi-fatsi. Gabansa ya faɗi, amma ya ce wa kansa dafin ne ke fita.

Kwana uku ƙafar ta yi jawur, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe yarinyar. Hajaratu ta tare raksha mai ƙafa uku, su ukun suka nufi asibiti a Soba.

Likitar, wata matashiya mai suna Nahla, ta duba ƙafar, ta tambaya da Larabci wa ya yanke ta. Idi ya saba a Khartoum in kana son ɓoye magana sai ka juya Hausa. Ya sunkuya wajen 'yarsa ya ce, “Ke, kada ki ce ni ne. Ce mata wayar shinge ce.”

Likitar ba ta ko ɗago kai ba. “Baba,” in ji ta da Hausa tsantsa, “waya ba ta yanka uku-uku a jere. Kakana ma wanzami ne a Mai Wurno.”

Idi ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakar kasuwa.

Ba ta yi masa faɗa ba, wannan ne ma ya fi ƙona shi. Ta tambaye shi ko ya san ƙananan kwatocin da ke janye ruwa daga gona. Ya ce a cikinsu ya girma. Ta ce to jiki ma yana da irinsu, sirara, ban da jijiyoyin jini, su ke kwashe ruwan da ya taru a nama tare da ƙwayoyin cuta. Tun jariri yana ciki ake gina su, ƙwayoyin halittar da ke ginin kuwa kitse suke ƙonawa su sami ƙarfin aiki. Na ƙafar Tasnim ba su ginu sosai ba, shi ya sa ruwa ke kwanciya. “Ka ga irin wannan ƙafa ko ƙaya ba ta so, ya Hajj, balle aska. Da kun ƙara kwana biyu, da wata maganar muke yi.”

Sati biyu yarinyar ta yi a kwance, ƙafa ta tsira. Kafin a sallame su Idi ya roƙi likitar ta koya masa tausa da naɗin bandeji. Ya iya kuwa fiye da kowa, don hannu ne da ya san fata. Kullum da safe shi ke shafo ƙafar daga yatsu zuwa cinya, ya naɗe, yana tsokanarta wai amaryarsa ta fi kowa tsadar kwalliya. Hajaratu tana gaishe shi, tana kawo masa shayi, sai dai ba ta barinsa da yarinyar sai tana kusa. Ya lura, bai ga laifinta ba.

A unguwa kuwa ya bar mutane a kan cewa ciwo ne kawai ya tashi.

Wata Juma'a maƙwabcinsu Tariq ya shigo aski, ya tarar ana kwance bandeji. Ya ga tabon, ya ce, “Subhanallah, ya Tasnim, me ya same ki nan?”

Yarinyar ta dubi kakanta, ta yi murmushin wanda ya riƙe amana. “Waya ce, baffa. Wayar shinge.”

Ashe ta ji, ta kuma adana masa tun ranar. Hajaratu tana bakin murhu, ta tsaya cak da ludayi a hannu. Idi ya dubi tabon nan uku-uku, aikin hannunsa, ko ɗaya bai karkace ba.

“Ba waya ba ce, Tariq,” in ji shi. “Ni ne.”