Dantsen Kawu

Jiya a wani kemis a unguwar Sauka Kahuta aka ɗaura mini abin awon jini. Da ya matse mini dantse, sai na ji kamar yatsun Kawu ne.

Kawu, yayan mahaifiyata, ya ƙare rayuwarsa yana bincike kan magungunan hawan jini, yana rubuce-rubucen da ban iya karantawa. Duk gidan da ya shiga, kafin a gama gaisawa ya zaro na'urarsa mai warin roba. Yakan ce, "Wannan ciwon ba ya sallama."

Wata Juma'a bayan masallaci ya auna ni, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini dantsensa.

"Kaina na sarawa, hannuna kuma na rawa. Zo in nuna maka yadda ake yi."

Na yi dariya. "Haba Kawu, ni da ko sakandare ban gama ba? Ɗinkin mutane na jirana a shago."

Ya sauke hannun rigar a hankali. Ranar Lahadi ya faɗi, bai sake magana ba.

Har yau ina ganin dantsen nan a miƙe, yana jirana. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ni kuma ya yafe mini.