Jariran da Ban Rubuta Ba

Akwai abin da na aikata ina saurayi wanda har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba. Yau gemuna ya yi fari fat, amma duk ranar da na tuna sai in ji kamar in tona rami in shige don kunya.

Zamanin Turawa ne, ba su daɗe da kafuwa a ƙasar nan ba. Ni kuwa ina cikin 'yan tsirarun da suka iya rubutun boko a Dutse, shi ya sa aka ɗauke ni malami a ƙofar hakimi. Kada ku so ku ga yadda nake ji da kaina a lokacin. Alƙalami a saƙale a kunne ko babu abin rubutawa, rawani kuwa sai na naɗa na warware sau uku kafin in fito daga gidanmu a Limawa.

Wata rana Baturen likita ya zo rangadi daga Kano. Ya ce ta bakin tafinta akwai malamin asibiti guda ɗaya tak da za a turo ƙasarmu, ya zauna yana ba da magani, ya kuma koya wa ungozomomi yanke cibiya da tsabta. Amma ba za a kai shi ko'ina ba sai garin da jarirai suka fi mutuwa. Ya dube ni ya ce, "Ba yawan kaburbura nake tambaya ba, babban gari dole ya fi ƙarami binne mutane. So nake in san cikin kowane goma da aka haifa, nawa suka ga zagayowar shekara."

Na ce, "Na gane sarai, ranka ya daɗe." Ashe ban gane komai ba.

Aka ba ni littafi, gefe ɗaya na haihuwa, gefe ɗaya na mutuwa, kowane layi da gurbin suna. Sai na yi wata dabara da na ɗauka ba wanda ya kai ni wayo. Me zai sa in bi gida gida ina sallama? Ai duk gari akwai liman, shi ke raɗa suna, shi ke sallar gawa. Ina isa gari sai a shimfiɗa mini tabarma a ƙofar mai gari, liman ya zauna yana lissafo sunan da ya raɗa tun kakar bara da jana'izar da ya yi, ni kuwa ina zuba rubutu. Kafin azahar na gama gari guda.

Abin da na sani sarai amma ban tsaya na yi tunaninsa ba shi ne, jaririn da ya koma kafin kwana bakwai ba a raɗa masa suna, ba a zaman makoki. Uban ne da mutum biyu ko uku za su naɗe shi a ƙyalle su kai bayan gida. In ka tambayi mai gida ko an yi haihuwa bana, sai ya ce, "A'a, baƙo ne dai ya leƙo ya koma." Irin waɗannan ba sa shiga bakin liman, don haka ba su shiga littafina ba, ba a haihuwa ba, ba a mutuwa ba.

A haka na isa wani ƙauye da ke bayan duwatsu cikin itatuwan dabino, inda ƙanwata take aure. A lokacin tana ɗauke da cikin fari. Ina zaune cikin dattawa ina rubutu, sai ga wata tsohuwa ta taho a sunkuye da ƙorai biyu, kowacce a rufe da faifai. Ita ce ungozomar garin, kowa Iya yake ce mata. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe mu, ta ce, "Malam, an ce kana ƙirga haihuwa. Ga nawa ƙirgen."

Ta buɗe. Ƙwallayen dabino ne a ciki. Ta nuna ta farko ta ce, "Waɗannan su ne suka kai ranar suna." Ta nuna ta biyu ta ce, "Waɗannan kuma su ne suka koma kafin nan. Duk wanda na karɓa sai na jefa masa ɗaya, in kaka ta zo in juye in soma sabo. Nakan yi musu addu'a ne, don in ba ni ba, wa zai tuna da su?"

Na leƙa. Ta biyun ba ta kai ta farko ba, amma wallahi ba ta yi mata nisa ba. Da ina da hankali, a nan gabana zai faɗi. Ina! Ni abin da ya dame ni shi ne tsohuwa ta zo gaban mutane za ta koya mini aikina. Na gyara zaman rawani na ce, "Iya, wannan aikin hukuma ne, ba wasan dara ba. Littafin nan gurbin suna gare shi. Wanda ba shi da suna, me zan rubuta?"

Mazan wurin suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ita ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ɗan nan, hannun nan ne ya karɓe su, kuma da kunnena na ji kukansu." Ta mayar da faifanta ta rufe, ta tashi ta tafi.

Da littafin ya je hannun Bature, ƙauyen nan ne ya fito a matsayin wanda ya fi ko'ina lafiya: haihuwa ga ta nan, mutuwar yara kuwa kaɗan. Har yaba mini aka yi saboda tsabtar rubutu, na kwana uku ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Malamin asibiti kuwa aka kai shi wani gari can, tafiyar yini guda daga ƙauyen.

Bayan 'yan watanni ƙanwata ta sauka, namiji. Na tanadi goro, na sa an wanke mini riga saboda suna. Rana ta biyar da hantsi aka aiko in zo maza. Na tarar yaron ya daina tsotso, baki ya ƙulle, ɗan jikin nan ya sandare, cibiyar ta yi jawur tana ruwa. Iya ta yi duk abin da ta gada, ba ta san wani ba, kuma wanda zai koya mata wani ni na tura shi nesa. Kafin la'asar yaron ya koma.

Mu uku muka kai shi bayan gida, uban na rungume da shi a farin ƙyalle. Da muka dawo na tsaya a bakin ɗakin ƙanwata don in yi mata gaisuwa. Ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba, sai ta juya fuska bango. Iya na zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar nan ta biyu. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙwallon dabino guda ta jefa. Har yau ina jin ƙarar faɗuwarsa a kan 'yan'uwansa.

Sai na ji muryar ƙanwata can ƙasa ƙasa, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Yaya, shi ma ba zai shiga littafin naka ba ko?"

Innalillahi! Ashe labarin dariyar da na yi ya shiga har cikin gida. Littafin da Bature ya dawo mini da shi yana cikin gafakata a kafaɗa, na ji ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Durƙusawa na yi gaban Iya na ce, "Iya, ki yafe mini. Juye mu ƙirga."

Ta juye a kan faifai. Tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tana faɗin gidan da aka haife shi da kwanan da ya yi, ni ina rubuta "jariri" a gurbin suna. Ba ta manta ko ɗaya ba. Na ƙanwata ne na ƙarshe.

Washegari na kai wa hakimi littafin, na faɗi laifina da bakina. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai an riga an gina ɗakin magani a wancan garin." Sai da damina biyu ta wuce kafin a turo wanda zai koya wa Iya. Ban ce da an kawo malamin da wuri lalle yaron zai rayu ba, rai na Allah ne. Amma na san wanda ya tare hanya, kuma ba kowa ba ne, ni ne. Ƙwallayen da suka ƙaru a ƙwaryar nan cikin damina biyun ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar yawansu ba.

Abin da na koya shi ne, in an sa ka auna lafiyar gari, kada ka tsaya a kan waɗanda ake kiran sunansu a ƙofar gida. Ka shiga ciki ka tambayi wadda ta karɓe su a hannu, domin wanda ka bari ba ka ƙirga ba, ka hana a kawo wa na bayansa taimako. Na yi shekaru ina wannan aiki daga baya, ban sake buɗe littafi a wani gari ba sai na fara gaida ungozomarsa. Dabino kuwa har yau ina ci, amma ƙwallon ba na iya jefar da shi.