Jemar da Ta Tsiro a Tsakiyar Bado

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, a jikina ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina ƙauyenmu a ƙasar Gummi, can bakin fadama, tun kafin 'yan bindiga su hana mutane shiga daji. Sana'armu yankan jema ce, ni da wana Mande, uwa ɗaya uba ɗaya. Jema ita ce doguwar ciyawar nan mai kaifin ganye da ake saƙa zana da ita, kuma da zarar ruwan gulbi ya fara ja da baya bayan kaka, mu ne a cikinta tun da safe har rana ta take.

Sai na fara gaya muku wani abu, in ba haka ba ba za ku gane inda muka yi kuskure ba. Mu 'yan fadama ba ma auna ruwa da sanda, ciyawa ce take gaya mana zurfinsa. Inda ka ga itatuwan giyayya, nan ne bakin gaɓa, ƙasa mai ƙarfi. Ka gangara kaɗan sai jema, ita ruwanta ba ya wuce gwiwa ko da wasa. Gaba da ita burugu, ciyawar nan mai zaƙi da shanu ke rububi, ruwansa zuwa ƙugu ne ko ƙirji. Kacala kuwa taɓo take so, mai riƙe ƙafa. Idan ka hango bado ya shimfiɗa faffaɗan ganyensa da farin fure, kainuwa tana yawo a tsakani, to nan ya sha kan mutum, sai jirgi. Da wannan muka tashi, kuma bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Akwai kuma al'adar ƙulli. Wanda ya riga ganin jema mai kyau sai ya tattara kawunanta ya ƙulle, ko ba ranar zai yanka ba, kowa ya gani ya san da mai ita. To mutanen ƙauyen ƙetaren gulbi sun ɗauki wata ɗabi'a ta tsallakowa su ƙulle ta gefenmu, kuma wannan abu yana ci wa Mande rai matuƙa. Shi dama mutum ne mai zafin kai, kafin ka ce masa yi haƙuri ya riga ya ɗaga hannu. Shekara guda kafin wannan abu ma sai da ya fasa wa ɗayansu kai da ƙotar lauje, hakimi ya shiga tsakani. Amma ni bai taɓa ko ɗaga mini yatsa ba, shi ya koya mini iyo, shi ya koya mini riƙon lauje.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana fes. Muka nufi wani tabki da muke ce wa Baƙin Ruwa, muka tarar da Buba, wani Bafulatani maƙwabcinmu, magidanci, yana tsaye da shanunsa a ƙarƙashin giyayya. Bayan mun gaisa ya ce mana tun safe yake fama da su, sun ƙi shiga burugu, sun ƙi ko sa baki a ruwan. Na duba, ai kuwa ga su cirko-cirko, duk sun juya wa tabkin baya. Mande ya yi masa tsiya, wai shanun nasa sun ƙoshi da dawar mutane ne shi ya sa suke yanga. Muka yi dariya.

Muna cikin haka sai Mande ya nuna tsakiyar ruwa da lauje. Can cikin bado, inda ko masunta sai da jirgi suke zuwa, ga wani kurmin jema tsaye, kore shar, alhali duk ta bakin gaɓa ta fara ja. Doguwa ce, ban taɓa ganin mai kyanta ba. Kuma an ƙulle kanta.

Na ce masa, "Yaya, jema ba ta hita cikin bado. Mu bar ta."

Ya ce, "Tunda ta hito, akwai tudu ƙarƙashinta. 'Yan ƙetare na sunka ƙulle ta. Su anka ba tabkin ga? Yau ko sai na yanke ta, in ga wanda za ya yi magana."

Buba ya sa baki, ya ce shi kullum nan yake shayarwa, kuma jiya babu wannan ciyawa a wurin. Mande ya ce ido ne bai kai ba. Kun ga inda sanin namu ya cuce mu: tunda jema ce, shi a wurinsa magana ta ƙare, ruwan gwiwa ne. Ko rigarsa bai tuɓe ba, wando kawai ya naɗe ya shiga.

Ya ratsa jemar gaɓa, ya ratsa burugu, ya shiga cikin bado yana ture ganye da hannu, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa ruwan bai wuce gwiwarsa ba. Har na fara jin kunyar tsoron da na nuna. Ya isa, ya waiwayo ya yi mini dariya, ya kama ƙullin da hannun hagu, ya kai sara.

Sara ɗaya ya yi. Sai na ga an fizge shi ƙasa, ruwa ya kawo masa wuya, laujen ya yi sama. Ya taso yana haki, aka sake jan sa, ya kama ganyen bado yana tsinkewa a hannunsa, yana kiran sunana da wata irin murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ya ce an riƙe masa ƙafa. Sai kansa ya shige, hularsa ta taso.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba, lauje a hannu. Ta hanyar da ya bi na bi, amma ina wuce burugu ƙasa ta ɓace mini, babu tudu babu alamarsa, sai iyo. Ruwan sanyi ƙarara kamar na randa. Na nutsa ina lalube cikin duhun laka har na cafko damtsensa, na ja, ko gezau. Na bi jikinsa da hannu zuwa ƙasa, sai na ji ta: jema ce ta nannaɗe masa ƙafar dama tun daga idon sawu har ƙwauri, kuma tana motsi, tana ƙara matsewa, ina jin ta tana zamewa a ƙarƙashin tafina. Na sa yatsu in ɓamɓare, ta yanka ni har ƙashi.

Na taso na shaƙi iska, na yi wa Buba ihu, na koma. Wannan karon na kai mata sara. Ina sara tana dukana, wallahi dukana take, ganyen yana tsula mini a fuska da wuya, wani ya zagayo ya shaƙe ni sai da na ga wuta-wuta. Na yanke na wuyana, na ci gaba da sara ba ji ba gani. A cikin wannan laka ba ka ganin hannunka, balle ka bambance ciyawa da nama. Na ji laujen ya shiga wani abu mai tauri, na san ba jema ba ce, amma jikin Mande ya riga ya saki, ya daina shure-shure, sai na danne zuciyata na ja laujen da ƙarfi. Nan take ƙafar ta kuɓuta.

Muka taso cikin jini, ruwan ya yi ja har ganyen bado. Buba ya shigo iya ƙirji cikin burugu ya miƙo mini sandarsa, na saƙale laujen a ƙugun wandona, na kama sandar da hannu ɗaya, ɗayan yana wuyan rigar Mande. Sai aka fizge mu ta baya gaba ɗaya, Buba ya kifa, sandar ta daki bakinsa ta cire masa haƙori. Bawan Allah bai saki ba. Ya tashi yana tofar da jini yana salati da Fulatanci a haɗe, ya ja, na yi ta harbin ruwa, har muka zube a gindin giyayya.

Na faɗi ina aman ruwa, ina godiya ga Allah. Ban ankara ba sai na ji sara a damtsena na hagu. Mande ne, ya rarrafo ya ɗauki laujena. Ya sake kawo wani a wuya na kauce, ya tsarge mini kunne, ya hau kaina yana naushi yana kuka, ga agararsa a yanke jini na tsartuwa. Da ƙyar Buba ya murɗe masa hannu ya danne shi.

Yana ta faɗin, "Mi na yi maka? Ina tsaye ina yankan haki na, ka zo ka sare man ƙahwa! Mi na yi maka, ɗan Inna?"

Na ɗauka gigita ce. Muka ɗaure ƙafar da rawanin Buba, aka samo babur aka kai mu asibiti a Gummi, aka ɗinke mu mu duka biyu. Na yi ta jira hankalinsa ya dawo ya gode mini. Ashe hankalinsa ƙalau yake. Abin da ya gaya wa Inna, mahaifiyarmu, da dattawan gari shi ne, yana tsaye ruwa iya gwiwa, yana yankan jema lafiya lau, sai ya ga na faɗo ruwa ina ihu kamar mahaukaci, na nutsa a gabansa na kama sarar ƙafarsa. Ya ce babu abin da ya riƙe shi, kuma bai kira sunan kowa ba. Ya dafa Alƙur'ani a kan haka. Ni ma na dafa a kan nawa. Buba ya ba da shaida irin tawa, Mande ya ce baki muka haɗa.

Washegari sarkin ruwa ya shiga da jirgi shi da mutanensa. Babu jema a tsakiyar tabkin, ko kututturenta babu, kuma suka zura gorar tuƙi har ƙarshenta ba ta taɓa ƙasa ba. Na ce to, alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Sai mai babur ɗin da ya ɗauke mu ya ce shi fa akwai abin da ya tsaya masa a rai: lokacin da ya ɗora mu, ni da Buba sharkaf muke, amma rigar Mande a bushe take, in ban da jini. Inna ta ɗauko rigar. Babu laka a jikinta ko ɗigo, ga goron da ke aljihu da ƙullin tabarsa, garin tabar a bushe. Ni kuwa da hannuna na riƙo wuyan rigar nan a ƙarƙashin ruwa.

Daga nan gari ya rabu biyu. Wasu suka ce mutanen ruwa ne, wasu suka ce kada ne, duk da babu shaidar haƙori, wasu kuma suna ganina sai su ja 'ya'yansu gefe. Malamai sun yi mana rubutu mun sha, ni da shi, babu wanda ya sauya magana. Buba, wanda shi kaɗai ya ga abin da na gani, ya tashi da iyalinsa da rikicin 'yan bindiga ya yi tsanani, har yau ban san inda yake ba.

Mande ya warke amma ƙafar ta shanye, jan ta yake yi, kuma yankan jema ya ƙare masa. Ya raba gida da ni, ya ja zana a tsakaninmu. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, ta haɗa mu da Allah, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ga mun ci tuwo a ƙwarya ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, ya fi saran. Bara na gan shi a kasuwar Gummi, don yanzu duk can muke gudun hijira, yana zaune yana sayar da igiya. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni." Ya daɗe yana kallona, sannan ya janye ƙafar ya ɓoye ta ƙarƙashin riga, ya ce, "Ka zaka ka ƙarasa?"

Wai na zo ne in ƙarasa saran da na fara. Na tashi na tafi.

Ni dai na san abin da idona ya gani da abin da hannuna ya taɓa, kuma ko gobe aka maimaita, zan sake faɗawa ruwan. Amma na san wana, bai iya ƙarya ba, ko tana da amfani gare shi. Shi ya sa wani lokaci ina cikin aiki sai tsigar jikina ta tashi, in tambayi kaina: idan shi yana tsaye da busasshiyar riga, to wane ne na gani yana nutsewa, yana kirana da muryarsa?

Don haka 'yan uwa masu shiga fadama, manoma da makiyaya da masu yankan ciyawa, ku ji shawarata. Idan kuka ga tsiro a inda ba mazauninsa ba, kome kyansa, ku yi addu'a ku wuce. Kuma in ɗan uwanku ya kafe sai ya je, ku riƙe shi tun a kan tudu, ku yi kokawar a nan, ko zai yi shekara yana fushi da ku. Ni ban riƙe nawa a tudu ba, a cikin ruwa na je ƙwato shi, ga shi nan da ransa, amma ba ni da wa.