Ranar da Baba Ya Ɗiga wa Tukwanena Mai

Babana mai faci ne a Masaka, bakin titin Keffi, kuma bai taɓa yarda akwai wanda ya fi shi sanin iska ba. Zai bugi taya da sifana sau biyu, ya karkata kunne, ya faɗi abin da ya rage a cikinta tun kafin ya ɗora geji. Ban taɓa ganin gejin ya ƙaryata shi ba. Abu biyu ne ba sa barin aljihunsa: sifanar nan, da wata 'yar kwalbar magani da ya cika da baƙin mai, ya huda murfinta da ƙusa. Duk ƙarfen da ya yi masa gardama, ɗigo ɗaya yake sa masa. Ƙyauren ɗakinmu, keken ɗinkin Inna, kwaɗon masallacin unguwa, babu wanda ya tsira. Yakan ce ƙarfe ba ya taurin kai, ƙishirwa yake ji.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da shi ba. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Ko laifi na yi, da Uwata yake fara faɗan, shi ya sa faɗansa bai taɓa shiga jikina ba. Na taso da baki da saurin fushi, Inna kuwa kullum shi take ɗora wa laifin.

Bayan na gama difloma na gaji da zaman gida, sai na samu aiki a wani filin wasan harbi da fenti, can bayan Lugbe. Mutane ne manya da hankalinsu, ma'aikatan ofis da ɗalibai, suke zuwa ranar Asabar su sa kaki, su rufe fuska, su bi juna a guje suna harbin juna da 'yan ƙwallayen fenti kamar kanya. Bindigar ba ta da harsashi, iska ce ke tura ƙwallon, iskar kuma tana cikin wata 'yar tukunya da ake ɗaura wa bindigar a baya. Da farko kaki nake rabawa. Da mai cika tukwanen ya bar aiki ya koma noma a Bwari, sai ogan wurin, wani tsohon soja mutumin Filato, ya ce ya lura ba na jin nauyin ce wa mutum a'a, kuma irin mutumin da yake nema ke nan.

Wata biyu ya yi yana tsaye a kaina kafin ya bar ni da makullin rumfar ɗura iska. Abin da ya koya mini har yau ina iya karanto shi ko daga barci aka tashe ni. Kafin komai a duba jikin tukunya: in ta lotse, ko zaren jikinta ya tashi, an gama magana. A karanta ranar da aka gwada ƙarfinta, in wa'adin ya wuce ba ta shan iska ko mai ita wane ne. A duba iyakar abin da take ɗauka, domin akwai mai dubu uku, akwai mai dubu huɗu da ɗari biyar, alhali tayar ƙaramar mota talatin da ɗoriya take sha. A goge ɗan bakin ƙarfen da ake ɗura iskar da farin ƙyalle. A maƙala tiyo, a ja shi a tabbatar ya kama, a kawar da fuska, sannan a buɗe a hankali ido na kan allurar geji. In an gama, sai an saki iskar da ta rage a tiyon kafin a cire. Sannu ba ta hana zuwa, ni kuma ban taɓa barin mai gaggawa ya hanzarta ni ba.

Doka ta ƙarshe da jan fenti ya rubuta ta a bangon rumfar, da Turanci.

"Ki ji ni da kyau," ya ce. "No oil. Ko man inji, ko giris, ko man shafawa na hannunki, kar ya taɓa bakin tank ɗin nan. Mai da pressure in sun haɗu, wuta ne. Ba na son in je Masaka in yi wa babanki bayani."

Na iya aikina, ba zan yi tawali'un ƙarya ba. Na mayar da tukwanen manyan mutane, ɗaya har ya tambaye ni ko na san ko shi wane ne. Na ce ni dai tukunyarsa na sani, kuma wa'adinta ya wuce da shekara biyu.

Baba ne kaɗai bai ɗauki aikin da daraja ba. In na dawo da yamma na ratso cunkoson Nyanya, sai ya tare ni da tsokana: "Uwata, yau balan-balan nawa kika hura?" Da na ce masa matsin iskar da nake ɗurawa yana kai dubu huɗu da ɗari biyar, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ko tirela ba ta kai rabin rabin haka ba, gejin Turawa ne ke yi mana ƙarya. Na ce gani ya kori ji, ya zo ya gani.

Wata Asabar kuwa ya rufe rumfarsa, abin da ko ranar sunan ƙanena bai yi ba, ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya biyo ni. Murna ta cika ni. Na zaunar da shi a benci cikin rumfata, na cika tukwane uku a gabansa, ina yi ina satar kallonsa. Ya duƙa ya leƙa gejin, ya ga allura ta wuce inda bai taɓa tsammani ba, ya ce, "Ikon Allah." Wannan kalmar ta fi mini duk yabon oga daɗi.

Ranar muna da taron ma'aikatan wani ofis, kusan mutum ashirin. Aka kira ni in taimaka wa wata baiwar Allah da abin rufe fuskarta ya ƙi zama a kan ɗankwali. Kafin in tafi, Baba ya ga yadda na ɗan yi kokawa da tiyo a bakin wata tukunya, domin ƙarfen ya yi tauri. Ban kawo komai a raina ba. Minti goma ban cika ba na dawo, mutanen ofis na biye da ni a layi.

Abin da na fara gani shi ne tukwane shida a jere a kan tebur, bakin kowacce yana ƙyalli. Sai na ga kwalbar maganin a gefe, murfinta a jiƙe. Sannan na ga Baba da ta bakwai a hannu, ya riga ya maƙala mata tiyo yadda ya ga na yi, ɗayan hannun yana kan abin buɗe iska. Fuskarsa cike da fara'a, zai rage wa 'yarsa aiki.

"Baba, ajiye!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Tsalle ɗaya na yi na cafke wuyan hannunsa, na fizge shi daga kan ƙarfen, na rufe babbar tukunyar da muke ɗiba daga ciki.

"Wa ya ce ka taɓa? Wa ya sa ka? Nan ba rumfar faci ba ce!"

Wata mata ta ce, "Haba, sister, babanki ne fa." Baba ya dubi hannuna a kan nasa har sai da na saki. Bai ɗaga murya ba.

"Ƙarfen ne ya bushe," ya ce. "Ɗigo ɗai-ɗai na sa."

Oga ya iso, ya dubi tebur, ya gane komai. Ya rusuna ya gaishe da Baba, ya ce, "Sannu Baba, no problem, ba ka sani ba ne." Ya sa na kwashe bakwai ɗin na ɗaura musu jan zare, sai mai gyara ya kwance kawunansu ya wanke. Tukwane suka yi kaɗan, mutanen ofis suka yi wasansu kashi biyu suna gunaguni. Baba kuwa ya ɗauki kwalbarsa, ya ƙi abincin da na saya masa, ya ƙi in raka shi bakin titi. Shi kaɗai ya koma Masaka.

Tun daga ranar ya daina ce mini Uwata. Bai zage ni ba, bai hana ni aiki ba. In na gaishe shi ya amsa, in yana son ruwa ya ce, "Ke, miƙo buta." Sati uku ana haka, kuma ba zan ɓoye ba, ya fi mini duka ciwo. Inna ta ce in je in ce ban kyauta ba, a wuce wurin. Na ce muryar da na ɗaga ban kyauta ba, amma hannun da na riƙe, ko gobe zan sake riƙewa. Ta ce wannan taurin kan gado ne, mu ƙarata.

Wata Lahadi da hantsi na karɓi kwanon abincinsa na kai masa rumfa. Na durƙusa na ba shi haƙuri kan tsawar da na yi masa a gaban mutane. Ya ce ya ji, idonsa na kan tayar da yake gogewa.

"Shekara talatin ina sa wa bakin taya mai," ya ce. "Ban taɓa ganin wuta ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na riga na san bayanin oga ba zai shige shi ba, kuma rubutun Turanci a bango bai dame shi ba. Sai idona ya faɗa kan injin da ke juya masa kwamfiresa, tsohon injin dizal da yake tayarwa da hannu, wanda ya kwance ya ɗaura ya fi a ƙirga.

"Baba, injinka yana da filogi?"

"Injin dizal ina ya ga filogi?" ya ce, kamar na yi tambayar wawaye.

"To me ke kunna man?"

"Iska ce. In fistin ya matse ta, sai ta yi zafi, man na shiga sai ya..."

Hannunsa ya tsaya a kan tayar. Na ce masa matsin da ke cikin injinsa bai kai ko kusa da wanda nake turawa ta ɗan bakin ƙarfen nan ba. Ya daɗe yana kallon injin. Wani mai babur ya tsaya yana neman iska, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi gaba.

"Guda nawa na sa wa?"

"Bakwai."

"Ta hannuna ɗaya ce. Sauran shidan, wa zai cika su?"

"Ni ce, Baba. Amma da na gani. Ba na ɗura wa tukunya sai na goge bakinta da farin ƙyalle."

"Da layin ya yi miki yawa fa? Da ba ki goge ba fa?"

Na tabbata da na goge, har yau na tabbata. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar, ya juya ta, ya ajiye ta a ƙasa nesa da shi. Sannan ya miƙo hannu ya kama nawa, hannun da na riƙe shi da shi, ya buɗe tafin yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Uwata," ya ce, "da wannan hannun kike riƙe tukunyar?"

"Da shi ne, Baba."

Bai sake shi ba har abincin ya huce.