Shebur a Tulin Kawu Ilu

Shitu Kurugu yana da shekara talatin da takwas, kuma shi kaɗai ne a ƙauyensu mai takardar shaidar gwajin yashi da tsakuwa. Yanzu wata bakwai ke nan ba a amsa masa gaisuwa a ƙofar gidan kawunsa.

Da leburanci ya fara a 1983, a ɗakin gwaji na wani kamfanin hanya a Karaye, yana wanke rariya yana ɗora buhu a sikeli. A 1989 aka tura shi kwas na wata shida a Kaduna. Can aka koya masa zuba yashi a kwalba da ruwan sodar yin sabulu a bar shi ya kwana: in ruwan ya yi duhu kamar shayi, yashin na da datti, ba zai riƙe siminti ba. Aka kuma kafa masa doka guda, wadda in ya karya za a karɓe takardarsa: mai gwaji ba ya karɓar samfur daga hannun mai kaya, shi zai ɗiba da kansa daga cikin tuli.

Mai kayan kuwa kawunsa ne, Ilu, shugaban masu haƙar yashi a rafin Kurugu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Da aka zo aikin kwalbatoci, Ilu ya yi abin da ake yi wa baƙo mai daraja. Ya zaɓi yashi mafi kyau, ya sa aka wanke, ya miƙa wa Shitu buhu da hannu biyu. Shitu ya yi godiya, ya ajiye buhun, ya ɗauki shebur ya nufi tulin.

"Me kake nema a ciki?" in ji Ilu.

"Haka aikin yake, Kawu."

"Ni ne ɓarawon ke nan? A gaban yarana za ka caje ni?"

Wani daga cikin mahaƙan ya ce, "Ku ba likitan yashi hanya, zai duba mana ko yana zazzaɓi."

Tulin daga mashayar shanu aka kwaso shi. Washegari kwalbar ta yi baƙi, Shitu ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, tifofin kamfanin suka koma ɗibar yashi wajen Falgore.

Faɗuwar yashin ba ta ci wa mutanen Kurugu rai kamar shebur ɗin ba. A masallaci aka riƙa barin gurbi kusa da shi. Matarsa Kubura ta daina zuwa rijiya da safe saboda habaici.

Da Kubura ta haihu, goggonsa Tasalla ta zo da saƙo daga Ilu. Ilu zai zo suna ya yi wa yaron addu'a, in Shitu zai karɓi buhu ɗaya daga hannunsa ya gwada, a rubuta.

"Sau ɗaya tak, Shitu. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Goggo. Ki gaya masa ya matsar da haƙar sama da mashaya, ni da kaina zan zo in ɗiba."

"To ka yi sunanka da kwalabenka," in ji ta, ta ja mayafi ta fita.

An yi sunan da mutum shida, huɗu abokan aikinsa ne. Ranar Litinin da ta wuce Shitu ya ɗora kayan ɗakin Kubura a bayan tifa, ya mai da iyalinsa gidan haya a Rogo.